Yadda zaka ɗaura miksan shawa mai sanda a bangon da an riga an sa masa tayil

Miksan shawa ɗin nan mai kama da sanda, wato famfon da yake gauraya ruwan zafi da na sanyi ya saita zafin da kansa, wanda yake kwanciya a jikin bango da abin murɗawa ɗaya a dama ɗaya a hagu, ɗaya na buɗe ruwa ɗaya na saita zafi, shi kansa ɗaura shi ba wani dogon aiki bane, noti biyu ne kawai zaka ɗaure shikenan. Inda aikin yake shine bakin fayif biyun nan da suka leƙo ta cikin tayil, na ruwan zafi da na sanyi. In sun zauna daidai, cikin ɗan lokaci ka gama. In kuwa basu zauna ba toh duk ƙarfin da zaka sa wa sifana ba zai gyara komai ba, sai dai ka fasa tayil ko ka jawo yoyo a cikin bango inda ido baya gani, kuma wannan yoyon shine mafi sharri don sai ya jiƙa bango ya kumbura fentin ɗakin da ke baya kafin a ankara.

Abu huɗu ake nema a bakin fayif ɗin. Tsakanin tsakiyar wannan da tsakiyar wancan ya zama milimita 150, wato santimita 15, shine ma'aunin da kusan duk kamfanoni suke bi. Su kasance a lebur ɗaya, kar wani ya fi wani tsawo. Su fito daga fuskar tayil da tsayi iri ɗaya. Sannan su zama a kafe, in ka kama ka girgiza kar su motsa. Duk surutun da zan yi a ƙasa a kan yadda za a samu waɗannan huɗun ne.

Amma kafin nan tsaya tukuna, ka duba ƙarfin ruwan gidan, kuma gara ka duba tun kafin ka sayi miksan. Mutane da yawa sai sun ɗaura sun gama sannan su ga ruwa yana zuwa kamar ba ya so, su ce ai miksan ne jabu, alhali miksan lafiyarsa ƙalau, furesha ce bata kai ba. Lissafin mai sauƙi ne, in daga tanki ruwan yake saukowa, duk tsawon mita 10 tsakanin tankin da kan shawa yana bada kusan bar 1 (bar shine ma'aunin ƙarfin ruwa), kaga kenan tankin da ya ɗara kan shawa da mita 2 kacal bar 0.2 yake bayarwa. Miksa da yawa ana rubuta musu cewa suna buƙatar bar 0.5 ko bar 1 kafin su yi aiki yadda ya kamata, akwai kuma waɗanda aka ƙera musamman don ruwa mara ƙarfi, suna aiki tun daga bar 0.1 ko 0.2. Yana rubuce a kwali ko a takardar da ke ciki, ka karanta. In ka riga ka saya kuma furesha bata kai ba sai dai a ƙara ɗan injin tura ruwa ko a ɗaga tankin. Ta ɗaya gefen kuma in ƙarfin ya wuce bar 5 ana so a sa bawul mai rage shi. Sannan ruwan zafi da na sanyi su zama ƙarfinsu ya yi kusa da juna, ba ace na sanyi yana zuwa da ƙarfin inji na zafi kuma yana lallaɓowa daga tanki ba, in aka yi haka mai ƙarfin zai dinga danne mara ƙarfin kuma zafin ba zai taɓa tsayawa waje ɗaya ba.

Hita ma a duba ta. Miksa mai saita zafi da kansa yana son ruwan zafin da ke shigo masa ya kai kamar digiri 55 zuwa 65, kuma ya fi ruwan da kake son ka yi wanka dashi da aƙalla digiri 10, in ba haka ba bashi da abin da zai gauraya. Ƙananan hitocin nan na lantarki masu dafa ruwa nan take yana wucewa basu cika jituwa dashi ba, akwai kuma irin hitar da ba a yarda a toshe bakin fitarta ba sam, wannan kar ka haɗa ta da miksa irin wannan, tana da nata famfon na musamman.

Zafi a hagu, sanyi a dama, in kana fuskantar bangon. Wannan kar ka ɗauka da wasa. A tsohon famfo mai kai biyu in an juya su babu abin da zai faru sai dai mutum ya saba, amma shi wannan akwai wani ɗan abu a cikinsa mai kakin da yake kumbura in ya ji zafi ya motse in ya ji sanyi, shi yake tura ƙofar ruwan ya rage wannan ya ƙara wancan. In ka bashi zafi ta inda yake tsammanin sanyi sai ya dinga yin akasin abin da ya kamata, ruwa ya yi zafi ya ce bari in ƙara sanyi sai ya ƙaro zafin, sakamakon shine ko dai tafasasshen ruwa ko ƙanƙara, babu tsakiya. Kar ka yarda da cewa ai wanda ya ja fayif ɗin ya san aikinsa, ka buɗe kowanne ka tara hannu ka tabbatar. In a juye suke, wasu suna kifa miksan ƙasa ta koma sama, ni dai ban ba da wannan shawarar ba sai in takardar kamfanin ta ce ana iya yi, don bakin tiyo zai koma kallon sama kuma lambobin su koma a kife. Gyaran gaskiya shine a musanya fayif ɗin daga inda suka taso, a saman silin ko a bayan bangon in ana iya kaiwa gare su.

Kayan aiki ba su da yawa, sifana mai daidaitawa wadda bakinta sumul ne ba haƙora, tef na awo, ƙaramin lebur, farin tef ɗin nan na tiredi (tiredi shine zaren da ake murɗa noti a kai), silikon na banɗaki, tocila, bokiti, tsumma, da diril da bakin huda tayil. Filaya mai haƙora kar ta kusanci notin miksan, karce ɗaya a jikin ƙyallin nan ya zauna kenan har abada.

Ka kashe ruwa daga babban bawul, na zafi da na sanyi duka, ka buɗe wani famfo da ke ƙasa da wajen don ragowar ruwan cikin fayif ya sauka. In hitar ta lantarki ce ka kashe ta daga soket ko daga makunninta tukuna, don in ruwa ya tsiyaye daga cikinta tana kunne abin dafa ruwan zai ƙone. Ka toshe magudanar ƙasa da tsumma kar wosha ko ƙaramin sukuru ya faɗa, ka shimfiɗa kwali ko tsohon bargo saboda sifana in ta suɓuce.

Yanzu haska tocila ka ga me ke cikin bangon. Ɗayan biyu zaka tarar. Ko dai elbo, wato lanƙwasasshen haɗin fayif, mai tiredin ciki na rabin inci wanda bakinsa yake daidai da fuskar tayil ko ya ɗan shige ciki, ko kuma zallar fayif ɗin jan ƙarfe na milimita 15 ya fito waje ba tiredi ba komai. Kowanne da yadda ake masa.

In elbo ne mai tiredi, abin da zaka yi aiki dashi shine 'yan karkatattun haɗin nan guda biyu na tagulla da suke zuwa a cikin kwalin miksan. Gefe ɗaya siriri ne, rabin inci, shi ke shiga bango, ɗaya gefen mai kauri inci uku bisa huɗu, shi notin miksan yake kamawa. In ka lura gefen biyu ba a layi ɗaya suke ba, an goce da ɗaya da gangan, yadda in ka murɗa shi bakin waje zai dinga zagayawa, ya yi sama, ya yi gefe, ya yi ƙasa. Da wannan gocewar ake cike kuskuren mai jan fayif, wasu kamfanonin suna baka damar milimita 12 sama ko ƙasa da 150 ɗin, wasu 15. In fayif ɗin sun yi nisa da juna sai ka juyo bakunan ciki, in sun matsu ka juya su waje, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo sai ka sunkuyar da na saman ka ɗaga na ƙasan, in kuma dama 150 ɗin suke cif sai ka sa su kalli waje ɗaya, duka sama ko duka ƙasa.

Ga inda nake so ka ɓata lokaci, ka fara gwadawa a bushe ba tef. Murɗa su da hannu kana ƙirga zagaye nawa kowanne ya yi, ka ɗora faifan rufin nan masu ƙyalli da suke ɓoye ramin, ka ga ko tiredin da ya rage a waje ya isa notin miksan ya kama sosai har ya matse wosha. Ka auna 150 daga tsakiya zuwa tsakiya, in tsakiya tana maka wuyar gani ka auna daga gefen hagu na wannan zuwa gefen hagu na wancan, duk ɗaya ne. Ɗora lebur a kansu. Sannan ka auna daga fuskar tayil zuwa bakin kowanne, wannan awon na uku shi aka fi mantawa kuma shi ne yake sa ka ga miksa ya karkace gefe ɗaya ya manne da bango ɗaya ya yi waje, wosha ɗaya ta matsu ɗaya tana ɗiga. Ka ɗauko miksan kansa ka kara, notin biyu su hau da yatsu ba tare da ka ja ko ka danna ba. In sun hau toh ka sa alama da fensir a jikin tayil inda kowane baki yake kallo, ka riƙe adadin zagayen a ka, ka kwance.

Sai naɗa tef, a gefen rabin incin kawai. Ka riƙe haɗin bakin tiredin yana kallonka ka naɗa ta yadda hannun agogo yake tafiya, don in kana ɗaurawa tef ɗin ya ƙara matsewa maimakon ya warware. Ka ja shi ya shiga cikin tiredin sosai, ka bar zaren farko a buɗe don ya samu kamawa kuma kar guntun tef ya shiga cikin ruwa. Yawan naɗin ya danganta da kaurin tef ɗin da kuma yadda tiredin yake da sako-sako, siririn tef yakan ci zagaye 12 zuwa 20, mai kauri bai kai haka ba. Alamar da zaka bi ita ce, zagaye biyu na farko su shiga da hannu, daga nan ya fara tauri har sai ka ɗauko sifana, kuma ya iso kan alamarka yana da tauri. In ya iso alamar yana lilo tef ya yi kaɗan, cire ka ƙara. In tun rabin hanya ya ƙi tafiya tef ya yi yawa, kar ka ce zaka danna da ƙarfi, elbo mai tiredin ciki yana tsagewa, musamman irin na fayif ɗin roba da ake narkawa a haɗa wanda aka dasa masa tagulla a ciki, in ka matsa masa tagullar tana iya juyawa a cikin robar ko ta tsage, kuma wannan ba ya gyaruwa sai an fasa bango.

Kuma don Allah in ka wuce alamar kar ka murɗo baya. Tef ɗin tiredi in aka matse shi aka dawo dashi baya ya saki kenan, yau ba zai ɗiga ba amma zai ɗiga. Cire shi gaba ɗaya, ka kankare tsohon tef, ka sake sabo. Shi yasa ake zuwa a hankali in an kusa, kana murɗa kaɗan kana ɗora lebur da tef na awo.

In elbo ɗin ya nutse cikin bango sosai, wanda yana yawan faruwa in an sa tayil a kan tsohon tayil ko filasta ta yi kauri, akwai ƙarin tagulla mai tiredin waje a gefe ɗaya da na ciki a ɗaya gefen, ana samunsa tsayi daban daban, milimita 10, 15, 20, 25 har sama. Ka sayi guda ɗaya mai tsayin da ya dace, kar ka jera gajeru biyu ko uku a kan juna don kowane haɗi wata ƙofar yoyo ce. Na tagulla zaka nema, na baƙin ƙarfe yana tsatsa ya toshe rariyar miksan. In kuma elbo ɗin ne ya fito waje da yawa har faifan rufi ba ya kaiwa bango, ana samun faifai masu zurfi.

Toh in zallar fayif ɗin jan ƙarfe ne ya fito fa? Nan akwai wani saitin maƙalewa da ake sayarwa daban, wasu miksan ma dashi suke zuwa. Faranti ne na tagulla mai rami a tsakiya, ana zura shi a fayif ɗin ya kwanta a fuskar tayil a ɗaure shi da sukuru, sai a zura ɗan zoben tagulla a fayif ɗin, sai a murɗa wani haɗi mai tiredin inci uku bisa huɗu a kai ya matse zoben ya kama fayif. Ni ina son wannan tsarin saboda dalili biyu, haɗin yana waje inda zaka gan shi, sannan nauyin miksan yana kan bango ta hanyar sukuru maimakon ya rataya a wuyan fayif. Amma shi ba ya yafe kuskuren awo kamar karkataccen haɗin can, dole fayif ɗin su kasance a 150 ko su zama suna da ɗan wasa a cikin raminsu da zaka iya matsar dasu. Tsayin da za a bar wa fayif ɗin daga fuskar tayil kowane kamfani da nasa, ka bi takardarsu da milimita, ka yanka da abin yankan fayif mai zagayawa don bakin ya fita daidai, ka goge kaifin. Zarto yana barin baki a karkace da ɓurɓushi. Zoben kuma matsewa daidai ake masa, ka kai shi da hannu sannan ka ƙara da sifana har ka ji ya kama, in ya ɗiga a gwaji ka ƙara kaɗan, in ka murƙushe shi tun farko babu komawa.

Wajen huda ramin sukurun ne ake yin ɓarna, don ramukan suna dab da fayif. Ka san ta ina fayif ɗin ya taho a cikin bango, daga ƙasa ko daga sama ko daga gefe, sai ka juya farantin yadda sukurun ba za su faɗa kan hanyarsa ba. In daga ƙasa ya taso ramuka su zama hagu da dama. Haka wayar lantarki, in akwai na'urar gano waya da ƙarfe a bango ka bi wajen da ita.

Huda tayil kuwa haƙuri ne kawai. Manna tef ɗin takarda a wajen ka yi alamarka a kai don kar bakin diril ya zame. Ka cire diril daga kan duka, juyawa kawai zai yi, a hankali, ba dannawa da ƙarfi. Tayil na yau da kullum bakin nan mai kama da kan mashi yana huda shi ba matsala, amma tayil mai tauri irin na tangaran sai baki mai lu'ulu'u, kana yi kana jiƙa shi da ruwa kar ya ƙone. Sai ka ratsa tayil ɗin ka isa siminti sannan ka canza zuwa bakin huda bango. In zaka sa fisha, wato robar nan da sukuru yake shiga cikinta, ka tura ta ta wuce kaurin tayil ɗin ta shige cikin bangon, don in sukuru ya buɗa ta a cikin tayil ɗin kansa tsagewa zai yi. Ka ɗan matsa silikon a ramin kafin sukuru ya shiga.

Akwai halin da babu dabarar da zata yi sai an cire tayil, kamar in ka kama elbo ka ji yana rawa a cikin bango, ko tazarar ta wuce abin da karkataccen haɗi zai iya cikewa, ko elbo ɗin yana kallon gefe maimakon ya kalli gaba sak. Na san ba wanda yake son jin haka, amma miksan da aka ɗaura a kan fayif mai rawa kullum ana murɗa shi ana jan tiyo wani ma ya dafa shi in santsi ya kwashe shi, duk wannan motsin a haɗin cikin bango yake ƙarewa. Cire tayil ɗaya ko biyu ba tashin hankali bane in an bi a hankali, ka fara kankare abin cike layin da ke kewaye dashi gaba ɗaya don ya rabu da maƙwabtansa, ka huda ramuka a tsakiyarsa, ka fara fasawa daga tsakiya kana yowa baki, da tabarau a idonka don ɓallin tayil yana yanka. Tunda ka buɗe sai ka yi abin da ya kamata, ka sa elbo mai kunnuwan ɗaurewa da sukuru, ko ma faranti mai elbo biyu da aka ƙera a kan 150 tun daga kamfani, ka kafe shi a lebur, ka lissafa kaurin gam da tayil don bakin ya zo daidai da fuska, ka toshe bakunan ka saki ruwa ya kwana a ciki ka ga ba ɗigo kafin ka mayar da tayil. In da walda ko narka dalma a aikin a gama shi kafin miksa ya zo kusa, zafi yana lalata robobin cikinsa. Tsawon da aka saba sa shi daga inda mutum yake tsayawa kamar mita 1 ne zuwa mita 1.1.

Kafin ka ɗaura miksan ka wanke fayif ɗin. Tara bokiti a bakin kowanne, wani ya buɗe maka ruwa na ɗan lokaci ya rufe, zaka sha mamakin yashi da guntun tef da ɓurɓushin ƙarfe da zasu fito. Duk wannan da cikin miksan zai tafi, kuma ƙofofin cikinsa ƙanana ne, ɗan tsakuwa ɗaya ya isa ya hana shi saita zafi.

Ɗaurin farko ka yi shi ba faifan rufi, don ka samu ganin cikin ramin. A cikin kowane noti akwai wosha, yawanci mai ɗan rariya a jikinta, ka tabbatar tana nan ta zauna daidai. Wannan tiredin na waje ba a sa masa tef, woshar ce take riƙe ruwa, tef ma hana notin isa gare ta zai yi. Ka kara miksan ka kama noti biyun da yatsu, ka murɗa wannan kaɗan ka koma wancan kaɗan, suna tafiya tare, in ka gama da ɗaya kafin ka fara ɗayan zai karkace ya ci tiredi. Da sun tsaya da hannu sai ka naɗa tsumma ka ƙara ɗan matsi da sifana, kaɗan fa, wosha ta roba bata son a murƙushe ta. Ka rufe miksan, ka buɗe ruwa a hankali, ka goge ko'ina ya bushe, sannan ka tura busasshiyar takardar tishu cikin ramin a ƙarƙashin haɗin ka bar ta kamar rabin awa ko fiye. Tishu tana nuna ɗigon da ido ba zai gani ba. Ka gwada da ruwan zafi ma ya ratsa, don wani haɗin sai ya ji zafi yake fara tsatsafowa.

In ta fito a bushe sai ka sake kashe ruwa ka sauke miksan, ka cike tazarar da ke tsakanin haɗin da tayil da silikon ta yadda ruwan wanka ba zai bi ta nan ya shiga bayan tayil ba, ka murɗa faifan rufin har su kwanta a bango, ka mayar da miksan kamar ɗazu. In zaka zagaye faifan da silikon ka yi sama da gefe gefe ka bar ƙasa a buɗe, ko da wata rana wani abu ya fara ɗiga ya fito waje a gani. A bar silikon ya yi awa 24 kafin a yi wanka.

Tiyo a ƙasan miksan yake ɗauruwa, rabin inci ne, da wosharsa, da hannu kawai. In mai dogon bututu ne da babban kai a sama, ka fara ɗora bututun a kan miksan ka tsayar dashi da lebur sannan ka yi alamar inda maƙalin sama zai zauna, kar ka huda da awon takarda kawai. Sandar rataye kan shawa kuma ka kauce wa layin da fayif suka bi.

Saura saita zafi. Akwai ɗan maɓalli a jikin abin murɗa zafin wanda yake tsayar dashi a digiri 38, sai ka danna shi kafin ya wuce, saboda yara da tsofaffi aka yi shi. A kamfani an saita shi da ruwa mai ƙarfi iri ɗaya ta gefe biyu, naka gidan ba lallai ya zama haka ba, don haka ka kunna hita ruwa ya yi zafi sosai, ka kai abin murɗawar kan 38, ka bar ruwa ya zuba na minti ɗaya ko biyu, ka tara a kofi ka sa ma'aunin zafi. In bai yi daidai ba sai ka ɓalle murfin gefen, ka kwance sukurun, ka zare abin murɗawar ba tare da ka taɓa zoben tsayawar da ke bayansa ba, ka juya sandar ciki kaɗan kaɗan har ma'auni ya nuna 38, sannan ka mayar da abin murɗawar alamar 38 tana kan layinta.

Gwaji na ƙarshe kar ka tsallake shi, shawa tana zuba a 38 wani ya rufe bawul ɗin ruwan sanyi. Cikin daƙiƙa kaɗan ruwan ya kamata ya yanke ko ya koma ɗan ɗigo, ka tsaya gefe kar ka tara jiki. In ya ci gaba da zubo zafi da ƙarfi toh akwai matsala, ko fayif a juye suke, ko datti ya shiga, ko ruwan hitar bai kai zafin da zai sa abin cikin ya rufe ba, kuma kar kowa ya yi wanka dashi sai an gano.

In bayan wata da watanni ka ga ruwa ya rage ƙarfi ko zafi ya fara hawa da sauka, ka fara da rariyoyin cikin notin nan biyu, kashe ruwa ka sauke miksan ka wanke su da tsohon buroshin haƙori. In ruwan wajenku mai barin farin gishiri ne a jikin famfo ka jiƙa su da kan shawar a ruwan binega ka ɗauraye. Lokaci lokaci kuma ka dinga murɗa abin zafin daga ƙarshe zuwa ƙarshe ruwa yana zuba, don kar abin cikin ya ƙage a waje ɗaya. In kuma ka ji ruwan zafi yana fitowa ta famfon sanyi a wani wajen a gidan, ƙananan bawul ɗin hana ruwa komawa baya da ke cikin mashigar miksan ne ɗaya ya maƙale, ana zaro su a wanke ko a canza.